Naman da ke Bayan Ƙashin Ƙirjin Sharifa

Abu Hujar, Litinin, tara ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Sulaiman, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyalinka cikin lafiya, ya tsare ku daga abin da zamanin nan ya zo da shi. Mu nan da sauran rai. Kogi ya ja baya, an dasa albasa a bakin ruwa, gwiwata tana nan yadda ka san ta. Mukhtar mijin Sharifa ne ke rubutawa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana, ko da a kansa ta faɗa.

Shekara shida ban aiko maka ko gaisuwa ba, ka kuma san dalili. Da uwar Sharifa ta rasu, mutanen Rusairis sun zo, har na Kamlin sun zo, kai ka yi ta'aziyya ta waya. Kada ka ɗauka na manta. Amma ba ita ta sa na neme ka yau ba.

Ɗiyata Sharifa ba ta da lafiya tun bara. Da safe garau take, da la'asar sai fatar idonta ta sauko kamar mai gyangyaɗi. Na ce ragwanci ne, a gaban 'ya'yanta na faɗa. Sai hannu ya kasa ɗaga tulu, murya ta koma ta hanci, lomar kisra tana tsaya mata a wuya. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Watan jiya ta ƙware da ruwa, ruwa kawai, har leɓenta ya yi baƙi. Mukhtar ya kwashe ta zuwa asibitin Damazin bai tambaye ni ba, sai daga baya na bi su a bas.

Likitar wata yarinya ce da ba ta girmi Sharifa ba. Ta ɗaga hoton ƙirji ta ce akwai wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji, wai taimus. Ta ce jiki yana da dakarunsa masu yaƙi da cuta a cikin jini, kuma a wannan naman suke koyon bambanta ɗan gida da baƙo tun mutum yana jariri. In mutum ya balaga sai naman ya fara motsewa. Na Sharifa ya ƙi, ya ƙara girma, yana fitar da dakarun da ba su san gida ba, suna tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Ta ce a cire shi, kuma a Bur Sudan za a yi.

Sulaiman, shekara arba'in da biyar ina fawa. Na san naman nan kafin a haifi likitar. Fari ne, mai laushi, a ɗan rago kake samunsa, mu ke gasa shi mu ci kafin a buɗe kasuwa. A tsohon rago ba ka samun komai sai kitse. Shi ya sa na ce mata ƙarya ne, mace mai 'ya'ya uku ba ta da shi. Ba ta yi fushi ba, ta ce ai abin da take faɗa ke nan, ya kamata a ce ya tafi. Na fita waje. Har yau ban ji daɗin yadda ta yi mini murmushi ba.

Da na dawo ciki na tambaye ta, in an cire naman da shi ne makarantar dakarun, wa zai tsare Sharifa daga zazzaɓin damina da amai da gudawan da ke yawo? Ta ce waɗanda suka yi karatu tun tana yarinya suna nan a jini, su za su ci gaba da aiki. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Ta ce da yawa suna samun sauƙi a hankali, kuma za a ci gaba da shan magani. In aka bari, wata rana numfashin ne zai gaji kamar yadda ido ya gaji.

Abin da ban iya faɗa mata ba shi ne, na san yadda ake isa wurin. Sai an tsaga ƙashin ƙirji. Dubu nawa na tsaga da hannuna, na san ƙararsa, kuma ban taɓa ganin wanda aka tsaga ya tashi ba. Na ƙi dangwala yatsa a takardarsu. Mukhtar ya sa hannu a bayan idona, rubuta haka nan, Mukhtar. Sharifa kuma ta ce mini da wannan muryar tata, Baba, ina so in ci tuwo ba tare da tsoro ba.

Za su taso ranar Alhamis. Ban ce na yarda ba, na dai daina tsayawa a ƙofa. Ni ba zan zo ba, ƙafata ba za ta kai ni bakin ɗakin tiyatar nan ba. Kai ne ubanta a can. Ka sauke su a gidanka. Ka je ka ga wanda zai yi aikin, ka dubi hannunsa lokacin da yake riƙe da kofin shayi, in yana rawa ka dawo mini da ɗiyata. Kada a gaya mini ranar aikin sai an gama. Abin da suka ciro kuma, in sun gama binciken da za su yi, ka karɓa ka naɗe a farin ƙyalle ka binne. Na san inda ake zubar da abin da ya rage bayan yanka, naman Sharifa ba zai je can ba.

Ka gai da Hanaa, ka gai da Sa'id da Huda da ƙannensu. Dije ƙanwarmu tana gaishe ka, ta ce kuka ya hana ta ba da saƙo. Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanka,
Abdulmuttalib mahauci