Zobban Sandar Kamun Kifinka

Unguwar Hausari,
Potiskum.

Zuwa ga Yaya Modu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwan Gashuwa? Mu nan kowa lafiya, Alhamdulillahi.

Bayan haka, sandunan kamun kifi biyun da Baturenka ya ba ka, waɗanda ka bar mini in gyara, na kusa yi maka ɓarna. Na ga zobban da zare ke bi ta ciki, na ɗaya manya ne, na ɗayar kuwa ƙanana, sai na ce maƙerin ne ya yi kuskure. Na cire manyan, na lanƙwasa ƙanana da wayar keke na ɗaura. Da na je bayan gari gwaji, na yi jifa da ƙarfina, zaren ya cukurkuɗe, darmar da ke bakin zaren ta faɗi a gabana.

Maƙwabcina Baba Ali tela ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Bukar, dubi kwarkwaron naɗe zaren mana! Wannan da ke ƙarƙashin sandar mai manyan zobba ba ya juyawa, zaren a murɗe yake fita, dole babban zobe ya tattaro shi. Wancan da ke saman ɗayar sandar juyawa yake kamar na keken ɗinkina, zaren a miƙe yake fita, ƙaramin zobe ya ishe shi."

Allah ya taimake ni ban zubar da manyan ba. Na mayar da su, yanzu jifa har gindin wata kuka can nesa.

Ka gaida Yagana da yara, a sa mu a addu'a. Ladan gyara kuwa, bandar tarwaɗa ka aiko, amma Baba Ali za a ba.

Ƙaninka,
Bukar mai gyaran keke.