Da An Bar Fili a Indes

Daren Laraba, Ɗanbatta

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun makon jiya na roƙi Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta manoma, ya bar ni in sake gina indes, wato jerin da kwamfutar ƙungiya ke lalubo sunayen manoma da shi, in bar fili a kowane shafi saboda sababbin shiga. Ya ce, "Fili kuma? Gona ce?"

Yau aka fara rabon taki. Shafuka a cushe, kowane sabon suna sai an tsaga shafi gida biyu kafin ya samu wuri, kwamfuta ta koma rarrafe. Alhaji ya nuna ni a gaban jama'a, wai ni na lalata ta.

Babana yana cikin layin karɓar takin, har la'asar bai samu ba. Da na gaishe shi a gida, cewa ya yi, "Gobe in koma, ko in haƙura?"