Tukunya ta Biyar

Bebeji, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya Baffa da sauran mutanen Burumburum? Tunda wayarki ta faɗa rijiya kika ƙi sayen wata, ga ni na koma takarda kamar 'yar firamare. Hafizu direba zai kawo miki.

Ruwa ya sauka sau biyu a nan, albasar kwaɗi ta yi fure fari tas a bayan makarantarmu. Kin san haukata a kan fure. Da za ki ga falona! Bado na tafkin Bagauda yana cikin tsohon tangaran, filasko kuma cikin wata butar ƙarfe da maigidana Ukasha ya samo a Riruwai, wai ta masu haƙar kuza ce. Ni ba na son robobin kasuwa, kowace amarya da irinsu.

Amma sarauniyarsu daga gida ta zo, kuma ki rufa min asiri. Da Sallah na ɗauko tukunya ɗaya cikin biyar ɗin da Inna ta kife a bayan ɗakinta ta rufe da zana. Ban tambaya ba, na san tun da hannunta ya fara rawa ba ta son a taɓa gininta. Bakin tukunyar faɗi gare shi, ba ta zama sai da gammo, ga wani zane siriri da ya zagaye ta daga baki zuwa baki. A ciki na sa albasar kwaɗin. Abu ɗaya ne bai yi min ba: tunda na zuba mata ruwa falon ke ƙamshin sabuwar ƙasa, turaren wuta ya kasa kore shi.

Ki gaishe da kowa.
Autarku, Muhsina

Burumburum, ranar Litinin

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ban da Inna.

Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ke da kika girma a gidan maginiya, ba ki san tukunyar kabari ba? Laifinmu ne, mun tura ki makarantar kwana kin dawo baƙuwa. Zanen da ya burge ki, nan ake bi a raba ta biyu, a jera a rufe mamaci kafin a mayar da ƙasa. Inna da hannunta ta gina su shekarar da ta ga hannun zai ƙi, ta ce ba ta son a rufe ta da ginin wata.

Kullum bayan ta idar da walha takan dafa bango ta je ta ɗaga zanar. Tun bayan Sallah take dawowa ta zauna shiru. Ba ta tambayi kowa ba, ni kuma ban taɓa ɗagawa na duba ba. Yanzu ko kunu sai da lallashi. Jiya ta sa na ɗauko likkafaninta na shanya.

Ba faɗa nake miki ba, tsoro nake ji. Ki zubar da furen nan, ki naɗe tukunyar a zane, ki ba Hafizu gobe.

Yayarki, Lubabatu

Bebeji, ranar Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi tunda na karanta na kasa shiga falon. Daga bakin ƙofa nake leƙen tukunyar.

Ban ba Hafizu ba, kuma ga dalili, ki yi haƙuri da ni. Akwai abin da na ɓoye miki: na shafa mata farin fenti, na zagaye bakin da ruwan gwal. Da wane ido Inna za ta ga abin rufe ta ya dawo kamar kayan jeren amarya? Ukasha zai samo min abin goge fenti a Kiru, in na kankare ta ni da kaina zan kawo ranar Juma'a, in durƙusa gaban Inna. Kwana uku ne kawai.

Yaya, badon ya mutu, filaskon ya zube. Albasar kwaɗin da ke cikin tukunyar yau kwananta goma sha ɗaya, ko yaushi ba ta yi ba, alhali a jeji kwana biyu take yi. Na kai hannu zan cire ta sau biyu ina fasawa. Ki ce wa Inna ina nan tafe, kada ki ce komai bayan wannan.

Muhsina

Burumburum, ranar Alhamis

Muhsina ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na san saƙon rasuwar Inna ya riske ku ta wayar Baffa jiya da yamma, kuma na san Ukasha ya hana ki hanya saboda cikinki ya tsufa. Ya yi daidai. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri. Akwai abin da ba zan faɗa ta bakin wani ba.

Jiya da hantsi Inna ta ɗan farfaɗo, hankalinta garau. Na kasa riƙewa, na gaya mata tukunyar tana wurinki. Sai ta ce, "Ai na sani. Ina kallon auta ta taga tana cusa ta a buhu, tana waige kamar akuyar da ta shiga rumbu." Har ta yi dariya. Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Biyar na haifa, biyar na gina, kowa da tasa, don in kwanta 'ya'yana na kaina. Ta auta ce ƙaramar, ta wajen fuska. Cikin biyar ba ta ɗauki ta kowa ba sai tata. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan, Lubabatu. Ga ta da ciki, na ce ko ita za ta riga ni bukata." Sannan ta ce, "Na roƙi Allah ya sa ni ce gaba. Ki ce ta bar furenta a ciki."

Bayan azahar ta cika. Da la'asar aka kai ta. Baffa ya ce huɗun sun rufe ta daga ƙafa zuwa kafaɗa, wajen fuskar suka sa itace.

Ban rubuto don in ƙona miki rai ba. Ta yafe, ni ma na yafe. Ki kula da kanki.

Lubabatu

Bebeji, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ya ƙarin haƙuri.

Ranar Laraba ina alwalar la'asar na ji ƙara a falo. Wayar Baffa ba ta ma shigo ba tukuna. Na tarar tukunyar ta rabe biyu daidai kan zanen, ruwa ya malale a kan leda, babu wanda ya taɓa ta. Furen kuwa kafin magariba ya yi baƙi.

Na kankare fentin duka, da wuƙa da farcena. A cikin gindin akwai shaidar babban yatsan Inna. Na kife ɓarin biyu a bayan ɗakina na rufe da zana, na kuma nuna wa Ukasha wurin, na gaya masa amfaninsu.

Ki roƙa min Allah ya sauke ni lafiya.

Autar Inna, Muhsina