Kujerar Ummi a Motar Abba

Bowie, Amurka, Oktoba 2009

Anti Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da su Afnan. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Ummi.

Littattafan soyayyar da kika aiko sun iso, na gode. Na buɗe ɗaya, ina ta kallon shafi guda, ban san me ya ce ba. Haka nake tun da aka binne ta. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, shi ke nan.

Anti, roƙonki nake, ki karɓe ni in dawo Kano wurinki in an yi hutun Disamba. Abba bai yi kuka ba, ko ranar jana'iza. Ana share makoki ya koma aikinsa a asibiti. Ban taɓa jin ya kira sunanta ba, tana da rai ko bayan ranta. A littattafai ba haka mijin da ya rasa matarsa yake yi ba. Ni dai ina ga zama kawai suka yi.

Makarantarmu ba ta yaye ɗalibi sai ya yi aikin taimakon jama'a. Na zaɓi zama da wani tsohon Bature maƙwabcinmu, Mista Alexander, saboda na zaci ba sai na yi magana ba. Ya haura casa'in, idonsa ya tafi, 'yarsa Olive ce ke riƙe da shi. Wai shi ke rubuta finafinai tun zamanin baƙi da fari.

Ki gaida kowa.

'Yarki,
Sadiyya

Bowie, Nuwamba 2009

Anti Mairo,

Bayan gaisuwa, ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga amsarki, kin ce ɗaki na nan amma sai Abba ya yarda. Ban gaya masa ba tukuna.

Ashe tsohon nan surutu gare shi. Ɗan tela ne, ya gudu California a jirgin ƙasa yana saurayi, ya fara da kai wa marubuta shayi har aka ba shi tebur. Finafinan soyayya ya yi ta rubutawa. Daga baya aka zarge shi da ra'ayin gurguzu, aka daina sa sunansa a finafinan da ya rubuta. Ya ce ya taɓa zama a sinima da matarsa Irene, sunan wani ya fito a kan labarinsa. Sai ta riƙe bakin hannun rigarsa har aka tashi. Da abin ya wuce ya zama furodusa, amma ya ce ranar nan ya fi tunawa.

Aikina shi ne in sa tsohon fim ɗinsa, in kashe murya, in riƙa gaya masa abin da hannuwan 'yan wasa ke yi. Ya ce a zamaninsu masu tace fim ba sa barin a nuna komai, don haka suka koyi ɓoye soyayya a maɓallin riga da kofin shayi. Duk marubucin da ya kawo masa takarda cike da kalaman so, mayar masa yake yi ya ce ya je ya nemo hannu.

Na daure na fassara masa shafi ɗaya daga littafinki. Ya yi dariya har da tari, ya ce saurayin nan ya cika baki, in gaya wa yarinyar ta kama kanta. Na ji kunya. Ya tambayi abin da hannun Abba ke yi a gida, na ce tuƙi da buɗe firji. Ya ce ni makauniya ce fiye da shi.

Ban ji haushi ba. Ba na jin komai sosai.

Taki,
Sadiyya

Bowie, Disamba 2009

Anti Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Mu nan sanyi ya shigo.

Ranar Juma'a Abba ya ɗauko Baffa Dabo daga garin Clinton za mu masallaci, ina zaune a baya. Kin san tsayin Baffa, kin kuma san Ummi gajera ce, kullum kujerarta ta gaba a matse take. Baffa ya shiga, gwiwoyinsa suka tokare, ya ce wannan kujera ce ko akurki, ya kai hannu ƙasa zai tura ta baya. Abba ya kama hannunsa ya ce ta lalace. Haka Baffa ya tafi a naɗe yana mita, wai likita guda ya kasa biyan makaniki.

Anti, kujerar nan lafiyarta ƙalau. Da muka dawo na koma motar ɗauko jakata, na taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar, ta motsa. Na mayar da ita daidai inda take. Sai na tuna kullum da safe Abba yana juya hitar ɗumama mota ɓangaren nan, alhali ba kowa a wurin. Ummi ce ba ta son sanyi.

Na gaya wa Mista Alexander. Ya ce da a zamaninsa ne, da ya sace wannan ya sa sunansa a kai.

Har yanzu ban yi kuka ba, Abba ma haka. Ba mu yi maganar ba, kin san shi, kin san ni. Amma jiya da zai kai ni makaranta na buɗe ƙofar gaba na zauna. Na fi Ummi tsayi, gwiwata na bugun gaba, ban taɓa ƙarfen ba. Ya dube ni, ya ƙara hita.

Ki bar wa Afnan ɗakin, Anti. Kada ki gaya wa Abba na taɓa tambaya.

Ki gaida Kawu da yara.

'Yarki,
Sadiyya