Takalman da ba su bi ta hancina ba

Ƙanena Sale,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Mu nan Glenwood lafiya lau.

Matar ɗana Habu, 'yar Filifin ɗin nan, ta fara sayar da takalma ta waya. Na duba gareji, ko ƙafa ɗaya babu. Wai wani ne a Chana yake aika wa masu saye. Kuma sunan mahaifinmu ta sa wa shagon nata na waya!

Jiya wata da ta saya ta dawo da nata. Na shinshina, wallahi roba ce, ba fata ba. Shekara arba'in ina dukanci, ba wanda ya tambaye ni. Na ce wa matar Habu ko kowane takalmi ya bi ta hancina, ko ta cire sunan Baba.

A sa mu a addu'a. Gai da su Ladi.

Yayanka Audu