Lemun Malama Rifkatu

Laraba, bayan isha'i, Maitumbi.

Tarihi ya shaida: yau an yanka lemu a makarantarmu da sunan ilimi.

Gurbi ɗaya aka ba mu na horon bincike kan koyar da lissafi a Bosso. Ni na nema da shekara ashirin ta shaƙar alli, Malama Rifkatu kuma da lemu da wuƙa, wai tana binciken yadda yara ke gane rabi da kwata.

A gaban firinsifal na ce, "Malama, takardar shaida za su ba ki ko tiren talla?" Malamai suka kwashe da dariya. Ta ce, "Na gode, Yallaɓai," ta tattara ɓawonta ta fita. Aka tura sunana, don a nan girma ake bi.

Don in ƙarasa ta, na tambayi ajinta da nawa: ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, wanne ya fi? Yaranta suka amsa daidai kafin in rufe baki. Nawa suka ce ai huɗu ta fi uku.

Sunana ya riga ya isa Bosso. Na yi kuskure, gurbin nata ne.