Turancin da Na Koya a Turken Kaka Fanna

Zuwa ga kakata, Kaka Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba lokacin da kina raye, ina fatan makwancinki yana da faɗi da sanyi. Mijin nan naki da kika raina ne yake rubuto miki. Ya tsufa, haƙoransa ma sun bi naki.

Kin tuna hutun daminar da na dawo unguwarmu Yerimaram ta Potiskum daga sakandare a Maiduguri, zamanin Turawa, fuskata kamar an aiko mini da mutuwa? Baturen da ke koya mana Turanci ya ce kalmomin da na sani ba su isa a yi cinikin albasa ba. Ya ce in mun koma zai gwada ni a gaban aji, in na kasa, in ɗauki akwatina in kama hanyar Potiskum. Baba ko a jikinsa, dama yana neman mai kora masa shanu zuwa kara. Ke kaɗai abin ya hana sukuni, don kin riga kin gama shela a unguwa cewa jikanki zai zama akawu.

Na yi kwana da kwanaki a gindin darbejiya ina maimaitawa. In haddace da safe, kafin la'asar sun zube kamar ruwa a kwando. Da gunagunina ya ishe ki sai kika ce, "Mutum ba ya manta sunan abin da yake ba dusa." Kika ja hannuna zuwa turke.

Kika ce in faɗi kalma da ma'anarta, ke za ki nemo mai ita. Bunsurun nan da ko an doke shi sai ya koma bakin rumbu ya zama Obistinet, wato mai taurin kai. Baƙar kazar da ba ta bar kowa ya wuce lafiya ba ta zama Kwaralsom, mafaɗaciya. Jakin Baba muka ba shi Lezi, malalaci, ya karɓi sunan ko kai bai ɗaga ba. Kullum da safe in kai musu abinci ina kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Abin haushi, dabararki ta ci.

Dabbobi suka ƙare, kalmomi ba su ƙare ba. Ni na ce mu tsaya haka. Ke kika ce ai unguwa cike take da mutane.

Maƙwabciyarmu Ya Kaltume mai ƙosai, wadda in ta zo ɗiban wuta sai garwashin ya mutu kafin ta gama gaisuwa, ita ta zama Tokatib, sarauniyar surutu. Kika kira ta da shi ido da ido, kika ce mata suna ne irin na matan Turawa. Don murna ta aiko mana da ƙosai cike da akushi. Muka cinye, Allah ya yafe mana. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun fara aiko da saƙo, kowacce tana neman nata, ke kuma kina rabawa ba kunya ba tsoron Allah.

Amma kalmomin kirki kika hana su fita. Na kawo Janaros, mai kyauta, kika duba gabas da yamma kika ce a ajiye shi, babu mai shi daga nan har unguwar Dogo Tebo. Na kawo Feshent, mai haƙuri, kika ce mai wannan sunan ya mutu tun kafin zuwan Bature. Haka na hau mota na koma makaranta da kai cike da munanan halaye, ba na kirki ko ɗaya.

Ranar gwaji Bature ya tsayar da ni a gaban aji. Duk kalmar da ya jefo sai in ga mai ita tsaye a gabana, in ce masa bunsurun kakata ne, kazar kakata ce, maƙwabciyar kakata ce. Can sai ya cire tabarau ya ce to in kwatanta masa ita wannan kakar.

Kaka, na laluba kaina don in samo miki kalma mai daɗi, na ji wayam. Sai na ba shi abin da ke hannu: na haɗa miki sunan bunsuru da na kaza da na Ya Kaltume a jimla ɗaya. Ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce in koma in zauna, na ci.

Da na zo hutu na faɗa miki komai, ina jiran saukar muciya a bayana. Kika ce, "Ai gaskiya ka faɗa, shi ya sa ka ci." Kika ƙara mini nama a miya.

Makarantar nan da kika tsaya kai da fata sai na zauna a cikinta, ita ce ta riƙe ni ranar da kika tafi. Ban iso ba sai bayan sadakar bakwai. Ya Kaltume ce ta zaunar da ni a kan tabarma, tana kuka tana magana, ta ce kin daɗe da ciwon kina ɓoyewa, kuma kin hana a aiko mini, wai kada Bature ya sami dalilin da zai kore ni. Ta ce shekarar da mijinta ya kwanta jinya, daga rumbunki 'ya'yanta suka ci, kika rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa. Ki ji fa, Tokatib ta riƙe sirri don ke.

A tabarmar nan na haddace kalmomi biyun da kika hana kowa, kuma ban taɓa sake neman ma'anarsu a littafi ba. Na yi kewarki, Kaka, har yau ina yi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki sunayen da kika raba wa bayinsa, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Naki har kullum,
maigidanki na wasa,
Modu